Rariya a Bangon Ɗakin Cin Abinci

Sai an idar da sallar isha'i ake tayar da janareta a makarantar. Awa biyu yake yi, daidai lokacin karatun dare, a kashe shi saboda tsadar mai. Makarantar kwana ce ta 'yan mata, ta gwamnati, can bayan gari inda kwalta ta ƙare gonaki suka fara. Cikin Janairu na je, hunturu ya kankama, hazo ya rufe rana tun la'asar, leɓen kowa a tsattsage.

Ranar Alhamis da dare 'yan ajin ƙarshe ba sa shiga aji. Ɗakin cin abinci suke nufa, wasu sun yafa zani a kan hijabi, wasu sun sa safa har biyu, su jawo bencina su jera suna fuskantar bangon da aka shafe da farin fenti. Ƙanshin miyar kukar dare bai gama fita ba. Malamin bayoloji, wani siririn mutum mai furfura jefi-jefi a gemu, yakan shigo da 'yar na'urar haska hoto a jaka, ya ɗora a tebur, ya tokare gabanta da littattafai biyu don hoton ya hau daidai. Majigi yaran ke ce mata, sunan da kakanninsu suka sani tun zamanin Turawa, lokacin da mota ke zagaya garuruwa ana haska fim ɗin noma da tsafta a ƙofar fada.

Darasin zangon shi ne juyin halitta, wato yadda jinsin abu mai rai ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Yana cikin manhajar bayoloji ta WAEC da NECO, can wajen ƙarshe, kuma a makarantu da dama can ɗin yake kwana. Wani malamin lokaci ne ke ƙure masa, wani kuwa yana sane yake jan ƙafa har jarrabawa ta iso, gudun abin da zai jawo magana. Ni hadda na yi masa a zamanina. Na riƙe Lamarck Bafaranshe, 1809. Darwin ɗan Ingila, 1859. Sai zanen raƙumin dawa yana miƙa wuya. Na ci jarrabawa, amma da an tsare ni an ce in faɗi abin da ya raba mutanen nan biyu, da shiru zan yi. Shi ya sa da na ji labarin darasin daren Alhamis, na nemi izinin shugabar makarantar in zauna a bencin baya. Alhamis uku na halarta.

A daren farko Malam bai kunna komai ba sai da ya jefa tambaya.

"Wace ce ta taɓa jin an ce sauro ya saba da magani?"

Hannu ya tashi ko'ina. Wata ta ce haka babarta ke faɗa in an fesa fiya-fiya sauro bai mutu ba. Wata ta ce kawunta yakan ce jikinsa ya saba da maganin zazzaɓi, ya daina yi masa. Malam ya ɗauki alli ya rubuta kalma guda a ƙaramin allon da aka jingine a gefe: SABO. Ya ce su riƙe ta, za a dawo kanta.

Bidiyon da ya saka ya fito a 2016, daga makarantar koyon likitanci ta Harvard a Amurka, aikin Michael Baym da Roy Kishony da abokan aikinsu. Wani ƙaton faranti suka ƙera, tsawonsa ƙafa 4, faɗinsa ƙafa 2, suka cika shi da abincin ƙwayoyin cuta mai kauri kamar kokon da ya daskare, suka rina shi baƙi. Suka raba shi gida 9 a jere kamar kunyoyin gona. Gidajen baki-baki guda biyu babu magani a ciki. Na biye da su an sa maganin kashe ƙwayoyin cuta daidai wanda zai hana su rayuwa, na gaba ninki 10, na gaba ninki 100, na tsakiya ninki 1,000. Sai suka zuba bakteriyar da ake kira E. coli a gefe biyu, suka rataye kyamara a sama.

A jikin bango fari ne ke yaɗuwa cikin baƙi, kamar nono ya zube a daɓe. Ya cika gidan farko, ya zo bakin layi, ya tsaya cak. Malam ya danna ya tsayar da hoton.

"Me ya tare su?"

"Magani!"

"To, mu gani."

Ya saki. Na ɗan lokaci babu abin da ya motsa. Can sai wani farin abu ya ɓullo daga ɗigo ɗaya a jikin layin, ya buɗe kamar mafici. Wani ya ɓullo daga wani wurin. Suka mamaye gida na biyu, suka sake tsayawa a layi na gaba, aka sake samun ɗigo. Haka dai, haka dai, har fari ya kai tsakiya inda magani ya fi yawa. Kwana 11 abin ya ɗauka a ɗakin bincike, a bango kuwa minti 2 ne. Na ji wata ta yi salati a hankali.

"Sun saba, Malam," in ji wata a bencin gaba.

Malam bai ce ta yi kuskure ba. Mayar da hoton ya yi baya, zuwa inda fari ya fara tsallakawa.

"Zo nan, 'yata. Nuna mini da yatsa inda suka wuce."

Ta taso, inuwarta ta rufe rabin bango, ta ɗora yatsa a kan ɗigon.

"Sauran layin fa, duk tsawonsa?"

"Suna nan a tsaye, Malam."

"Tare suka iso, tare suka ɗanɗani maganin. In sabo ne, me ya hana su duka su saba?"

Wannan shirun da ya biyo baya, shi ne a ganina darasin gaba ɗaya. Malam bai yi gaggawar kashe shi ba. Sai da ya ga an fara raɗa sannan ya yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Ƙwayar bakteriya, in ta sami abinci, takan rabu biyu kusan duk minti 20, kuma duk rabuwa sai an kwafi rubutun gadon da ke cikinta. Wanda ya taɓa kwafar rubutu daga allo ya san hannu na zamewa. Cikin miliyoyin kwafi ana samun kuskure. Yawancinsa bai tsinana komai, wani ma cutarwa yake yi, amma jefi-jefi sai a sami wanda ya sa magani ba ya kama mai shi. Kuskuren ba don ana buƙatarsa yake zuwa ba. Zuwa yake yi kawai, sai magani ya tarar da shi.

Daga nan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da rariya, wadda ya aro a wurin masu girki, da kwanon garin masara mai tsaki. Ya tankaɗe a gabansu, gari na zuba a faifai.

"Rariyar nan ce ta niƙa garin?"

"A'a, Malam, inji ne."

"Ita me ta yi?"

"Ta bar mai laushi ya wuce."

Haka magani yake, in ji shi, haka fari, haka sanyi, haka shaho ga 'yan tsaki. Ba su ƙera kowa ba, bambancin da suka tarar suke tacewa. Inda abin ya sha bamban da na kicin shi ne garin da ya wuce rariya ba ya haihuwa, ƙwayar da ta wuce kuwa tana haihuwa, 'ya'yanta su gaji abin da ya fisshe ta. Ya rubuta sunan abin da Turanci a allo, domin da shi za a tambaye su a jarrabawa. Masu fassara kan ce zaɓin yanayi. Su yaran, tun daga daren nan, tankaɗe suke ce masa.

Lamarck kuwa da kunnen yaran aka sallame shi. Ra'ayinsa shi ne abin da jiki ya samu a rayuwa yana wucewa ga 'ya'ya: raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya, ya haifi mai dogon wuya. Malam ya tambaya ko an huda musu kunne. An huda. Iyayensu mata fa, da kakanni, da kakannin kakanni? Duk an huda. To wace ce ta taɓa ganin jaririyar da ta zo duniya da hujinta? Ɗakin ya ɗauki dariya. Ban taɓa jin an warware maganar nan da sauƙi haka ba.

Ina ganin wannan darasin ya fi ƙarfin jarrabawa, kuma dalilina yana cikin kowane kemis na unguwa. Mu da muka girma da kulorokwin mun san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, mun kuma san yana aiki. Ƙwayar maleriya mai jure masa ta fara bayyana a ƙarshen shekarun 1950 a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu, har a 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko ta koma haɗin da ake kira ACT. Ba jikin kowa ne ya saba ba, ƙwayar ce aka tankaɗe shekara da shekaru. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi kashedin haka tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai bar ƙwayoyi masu jurewa. Yau ga mu ana sayar da kafso biyu a ƙulle a takarda don mura, wadda maganin bai ma shafe ta ba. Yarinyar da ta ga farantin nan, gobe ita ce uwa, ita ce nas, ita ce mai riƙe da kanti.

Washegarin daren farko da hantsi Malam ya kai su bakin get, wurin Baba maigadi, wanda ke da akurkin tantabaru a bayan ɗakinsa. Akwai farare tas, akwai masu tukku, akwai masu gashi har ƙafa.

"Baba, yaya ake samun masu tukkun nan da yawa haka?"

"Ai haɗawa ake yi, Malam. Ka ware waɗanda kake so su zauna tare, saura ka kai kasuwa. In ka yi haƙuri, sai ka ga akurkin ya koma abin da kake nema."

Malam ya juya ga yaran ya ce musu da wannan maganar Darwin ya buɗe littafinsa. Babin farko kan dabbobin gida ne da shuke-shuke, kuma shi kansa ya yi kiwon tantabaru a gidansa da ke Kent, ya shiga ƙungiyoyin masu kiwonsu a Landan, ya nuna cewa duk ire-irensu daga tantabarar dutse guda suka fito. Abin da Baba ke yi da gangan, da abin da manomi ke yi in ya ware zangarniya mafi kyau ya rataye don iri, shi ne yanayi ke yi ba tare da niyya ba, cikin lokaci mai tsawon gaske. Baba dai ya ci gaba da watsa musu dawa, yana murmushi.

Alhamis ta biyu tsuntsayen tsibiran Galafagos aka kalla, a wani gajeren fim na cibiyar Howard Hughes da ke Amurka, wadda ke sakin irinsa kyauta ga makarantu. Peter da Rosemary Grant, mata da miji, sun fara auna bakin tsuntsayen wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major a 1973. A 1977 aka yi fari, ƙananan ƙwayoyin tsirrai masu taushi da tsuntsayen ke ci suka ƙare, masu tauri suka rage. Fiye da 8 cikin 10 na wani jinsin suka mutu. Waɗanda suka tsira galibi masu kaurin baki ne, kuma 'ya'yansu suka zo da baki mafi kauri da kimanin kashi 4 cikin 100. Yaran ba su sha wahalar wannan ba. Kafin Malam ya tambaya, an ce fari ne rariyar.

Alhamis ta uku ce ta yi nauyi. Kafin ya kunna, Malam ya ce fim ɗin daren kan amosanin jini ne, sikila, kuma ya san akwai waɗanda abin ya shafi gidajensu. Wadda ba ta so ta kalla tana iya komawa aji, ba laifi. Babu wadda ta tashi.

Labarin Anthony Allison ne, likitan da ya girma a Kenya. Yana ɗalibi a Oxford ya koma gida yana gwada jinin mutane, sai ya lura cewa masu ɗauke da gadon sikila sun yi yawa a bakin teku da kewayen tafkin Biktoriya, inda maleriya ta yi katutu, amma a kan tsaunuka inda sauro ba ya sakewa da ƙyar ake samunsu. Ya bi diddigi, a 1954 ya wallafa abin da ya gano: yaron da ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wanda muke ce wa AS, ya fi tsira daga maleriya mai tsanani. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun gadon da ke gina jan jini. In ya zo daga uba ko uwa kaɗai, kariya ne. In ya zo daga duka biyun, shi ne SS, ciwon ƙashin nan da ke hana gida barci. Shekaru dubbai maleriya na kwashe yara a ƙasashenmu, tana barin AS fiye da AA, wato waɗanda ba su gaje shi ba, shi ya sa gadon bai ɓace ba duk da irin ɓarnar da yake yi. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da shi, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon duk shekara.

Malam ya zana wani akwati mai gida huɗu na lissafin gado a allo. AS da AS in sun yi aure, kowane ciki, ba kowane yara huɗu ba, yana da 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ya nanata wannan har sau biyu. Ya tuna musu cewa Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma gwajin jinin nan na ciki. Ya kuma ja kunnen masu AS kada wata ta ce ta fi ƙarfin gidan sauro, domin kariyar ragi ce, ba katanga ba.

Wata yarinya da ban ji muryarta ba tun zuwana ta ɗaga hannu. Ta ce ita AS ce, ƙanenta SS.

"Malam, wato abin da ke wahalar da shi, shi ne ya tsare ni?"

"Shi ne, 'yata. Allah Ya ba shi lafiya."

Aka amsa da amin. Ta ce a gidansu dangin uba cewa suke daga wajen babarta ciwon ya zo. Malam ya nuna mata akwatin, ya ce ta duba da kanta daga ina S biyun suka fito. Ta duba, ta kwafe shi a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

A daren ne kuma tambayar da kowa ke jira ta fito: "Malam, to Annabi Adamu fa?" Na ga malamai da wannan tambayar ke sa su sauya magana, na ga kuma masu amsa ta da izgili, kuma duka biyun cutar yaro ne. Shi Malam tsayawa ya yi ya amsa. Ya ce zanen nan da ke yawo, na biri yana miƙewa sannu a hankali har ya zama mutum, ba ya nuna shi, domin ko a wajen masana kimiyyar ba daidai ba ne. Ba su ce birin da muke gani ya rikiɗa ya zama mutum ba. Abin da suka ce, kuma shi jarrabawa za ta tambaya, shi ne mutum da wasu manyan birai sun haɗa asali shekaru miliyoyi da suka wuce, hujjarsu kuwa rubutun gado da ƙasusuwan da ake tonowa. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa a maƙwabtanmu aka same shi, a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi a 2001, ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, wanda aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Ya ce shi musulmi ne, tare suka yi isha'i ɗazu, kuma bai ga abin da ke cikin farantin ƙwayoyin cuta ko akurkin Baba da ya taɓa imaninsa ba. Maganar asalin ɗan Adam kuwa malaman addini sun yi bayani a kanta, su kai tambayar ga malaminsu na addini, shi ma zai zo ya zauna ya saurara. Ya ƙara da cewa duban dabbobi da yadda suke neman abinci suna cin juna ba Turawa ne suka fara ba. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan shekaru kusan 1,000 kafin Darwin, ko da yake abin da ya faɗa ba shi ne na Darwin ba.

Ƙullin bai warware a daren ba, kuma Malam bai yi kamar ya warware ba. Na fi girmama wannan a kan duk wata amsa mai santsi.

Wahalar abin ba kaɗan ba ce. Majigin na makaranta ne, amma data daga aljihun Malam take fita. In ya shiga gari ranar Asabar yake sauke bidiyon a waya. Turancin Amurkawa gudu yake yi, don haka sau da yawa yakan kashe sautin ya zama shi ne mai bayani. Ya kuma gaya mini abin da ya fi damunsa: hoto na saurin shiga kai, kuskure ma haka. Kwana 11 da aka matse cikin minti 2 na iya sa yaro ya ɗauka komai haka yake sauyawa cikin ƙiftawar ido, ko ya ɗauka dabba guda ce ke rikiɗa tana raye. Shi ya sa fim ɗin minti 15 ke cinye masa awa guda, yana tsayarwa, yana mayarwa baya, yana kiran wata ta zo ta nuna da yatsa.

A daren na uku, ana cikin kwafar akwatin mai gida huɗu janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Tocila ta fara kunnuwa nan da can, aka shiga mayar da bencina. Yarinyar da ta ce sun saba a daren farko ta tsaya kusa da tebur har Malam ya gama naɗe igiyar majigi. An hana ɗalibai riƙe waya a makarantar, don haka takarda ta miƙa masa.

"Malam, don Allah a rubuta mini sunan bidiyon farantin nan. Yayana yana da kemis, in an yi hutu zan nuna masa."

Wata ta haska masa tocila ya rubuta. Ta ninke takardar huɗu, ta cusa a tsakiyar littafin bayoloji, ta ja zaninta ta rufe kai, ta bi sauran zuwa ɗakin kwana.